Mai Rijiya, Ina Takardar Awon Ruwanka?

Duk ɗalibin da ya rasa gado a cikin makaranta ya kama haya a unguwannin da ke kewaye da jami'a, da duk ƙaramin ma'aikacin da albashinsa bai kai shi unguwar manya ba, ya san inda ruwan shansa yake fitowa. Daga gidan wani bawan Allah yake fitowa, wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a filinsa, ya ɗora tanki bisa ƙarafa, ya zuro bututu ta katanga, ya jera kawunan famfo a bakin titi. Tun da asuba 'yan ga-ruwa suke yin layi, kowa da kurarsa, su cika jarkoki su bazu cikin lunguna. Wannan ruwa shi muke sha, da shi ake dama mana koko, da shi mai shayi yake ɗauraye kofunansa, da shi kuma uwa take haɗa wa jaririnta madara.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu ci mutuncin mai rijiya ba. Tambaya ɗaya muka zo da ita, wadda ya kamata a ce an daɗe da yin ta: wane ne ya taɓa auna ruwan nan, yaushe aka auna shi, kuma ina takardar? Ra'ayinmu shi ne, duk mutumin da ruwan rijiyarsa ya ƙetare ƙofar gidansa ya shiga cikin wasu mutane, ko da kuɗi ko kyauta, to ya zama wata ƙaramar hukumar ruwa, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka lalle ne a riƙa auna ruwansa a kai a kai, a kuma liƙa sakamakon a jikin tankinsa, inda mai sha zai gani da idonsa.

Mu fara da faɗin gaskiyar da ke gefen mai rijiya. Kano ta sami ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, sa'ad da aka kafa ma'aikatar ruwa ta Challawa, a zamanin da galibin mutanen birni suke cikin ganuwa. Daga baya aka ƙara ta Tamburawa da ta Watari. Amma gari ya yi ta faɗi, unguwanni suka yi ta tsirowa a gonakin jiya, bututun gwamnati kuwa bai bi su ba. Inda ya je ɗin ma, sau da yawa iska yake hurawa. Haka labarin yake a Zariya da Katsina da Gusau da sauran biranenmu. Mai rijiya shi ya toshe wannan giɓi da kuɗin aljihunsa, ya biya masu haƙa, ya sayi inji, yana zuba mai ko ya kafa farantan hasken rana. Da za a wayi gari an rufe rijiyoyin nan duka, ba za a yi kwana uku ba sai makarantu da kasuwanni sun watse. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai abin da jama'a suka dogara da shi haka, shi ne ya fi kowane abu bukatar a sa masa ido, domin ranar da ya ɓaci ba gida ɗaya zai taɓa ba.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga girman abin. Mu ɗauka rijiya guda tana cika kura ashirin a yini, kowace kura da jarka goma sha biyu, kowace jarka lita 25. Jarka 240 ke nan, watau lita 6,000. In kowane mutum yana amfani da lita 20 a yini, to mutum 300 ne suke rayuwa a kan wannan rami guda. Mutum 300 kuwa ƙauye ne sosai, mai masallacin Juma'a da mai unguwa. Da a ce wani ya buɗe kantin magani yana bai wa mutum 300 ƙwaya kowace safiya, da tuni hukuma ta zo ta tambaye shi lasisi. Amma mai ba su abin da suke zuba wa cikinsu sau biyar ko shida a yini, babu mai ce masa ci kanka.

Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne. Mun taso da imanin cewa ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, garai-garai, mai sanyi, marar wari, ba ya cutarwa. Malamanmu sun koya mana tun muna zaure cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba ya halatta a yi tsarki da shi. Wannan hukunci ne na ibada, yana nan daram. Kuskuren da jama'a suke yi shi ne ɗaukar wannan ma'auni su auna lafiyar ciki da shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a sha'anin ruwa ido bai san ƙima ba, harshe da hanci ma haka. Ƙwayoyin kwalara da na taifot ba su canza launin ruwa, ba su ba shi wari, ba su kuma rage masa daɗi.

Mutanen Landan sun ɗanɗana wannan darasi a 1854. A wata unguwa da ake kira Soho akwai wata rijiya mai famfon tuƙa-tuƙa a titin Broad, wadda ruwanta ya yi suna wajen daɗi, har wata tsohuwa da ta ƙaura zuwa wata unguwa mai nisa take sa a kai mata shi a kwalba. Kwalara ta ɓarke a ƙarshen watan Agusta, mutum fiye da 600 suka mutu, har da tsohuwar nan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk hanya tana komawa ga famfon nan, ya sa hukuma ta cire masa hannu. Da aka tona daga baya, sai aka tarar ramin masai na wani gida yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai taku biyu ba. Fiye da shekara 170 ke nan da wannan, amma wanda ya zaga unguwanninmu na awon igiya zai ga an sake gina titin Broad a kowane lungu.

Ga yadda abin yake. Ƙa'idar da masana tsafta suka fi bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da salga ko sokawe. Fulotin da aka saba yankawa a garuruwanmu kuwa ƙafa 50 ne a ƙafa 100, watau kimanin mita 15 a mita 30. Ashe ke nan ko mai gida ya haƙa rijiyarsa a bakin ƙofa ya kai sokawe can ƙurya jikin katangar baya, da ƙyar ya cika ƙa'ida. To ina sokawen maƙwabcin dama da na hagu, waɗanda faɗin fuloti guda ne ko ƙasa da haka tsakaninsu da rijiyar? Ina kuma gidajen da aka raba fuloti biyu ko huɗu, kowane da raminsa? Bugu da ƙari, galibin Kano da Zariya a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune. Ruwan da ake samu yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Yashi da yumɓu sukan tace ƙazanta in ta yi doguwar tafiya a cikinsu, amma tsagar dutse kamar bututu take, abin da ya shiga ta wannan baki yakan fita ta wancan ba tare da an tace shi ba. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwan ƙasa yakan taso har ya haɗu da gindin salga, daga nan kuwa sai abin da Allah ya kiyaye. Malaman fiƙihu tun da can sun yi wa rijiya hurumi, watau filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda a yi abin da zai ɓata ruwanta a cikinsa ba. Mu da muke taƙama da ilmin zamani, mun sayar da hurumin mun gina shaguna a kai.

Sa'an nan akwai aikin haƙar ita kanta. Rijiyar burtsatse ta ƙwarai ana zura mata bututu mai ƙarfi, a cike tsakanin bututun da bangon rami da siminti daga sama zuwa wani zurfi, a yi mata daɓe mai gangara a baki don ruwan kwata da na sama kada ya bi jikin bututun ya gangara ciki. Wannan siminti shi ne abu na farko da ake tsallakewa in ana neman rahusa, domin ba ya ganuwa, mai gida kuma bai san ya tambaya ba. Bayan rami sai tanki, wanda sau da yawa murfinsa ya fashe ko iska ta ɗauke, tsuntsaye da ƙadangaru suna hutawa a bakinsa, a shekara ba a wanke shi ba. Bayan tanki sai jarkar ɗan ga-ruwa, wadda in ka leƙa cikinta ka ga gansakuka kore shar, bakinta a toshe da leda ko tsumma. Daga nan sai randa ko bokitin ɗakinmu, da moɗa guda da kowa yake tsomawa da hannunsa. Kowace gaɓa a wannan sarƙa ƙofa ce.

Ba zato muke yi ba. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 da 2017, an auna ruwan shan gidaje ana neman wata ƙwayar cuta da masana suke kira Ikolai, wadda mazauninta hanjin mutum da na dabba ne, ganinta a ruwa kuwa shaida ce cewa bayan gida ya sami hanyar shiga. An same ta a mafarin ruwan fiye da mutum uku cikin huɗu, a ruwan da aka ɗebo daga cikin gida kuwa kimanin tara cikin goma. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, kuma fiye da rabin masu cutar daga jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suke. Ba mu ce rijiyar burtsatse ce ta jawo wannan duka ba. Haƙiƙa ta fi rijiyar guga da kududdufi aminci nesa ba kusa ba. Abin da muke cewa shi ne, sunan burtsatse kaɗai bai isa shaida ba. Ruwa ba ya tsami banza, ciki ma ba ya ɓaci banza.

Ƙwayar cuta ma da sauƙi, domin tafasawa tana kashe ta. Akwai wasu abubuwa da wuta ba ta yi musu kome. Ɗaya shi ne sinadarin naitiret, wanda yake tsiyayowa daga salga da juji da takin zamani. In ya wuce miligiram 50 a lita, yana iya hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata, musamman jaririn da ake haɗa wa madara da ruwan. Tafasa shi kuwa ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwa ne yake tashi tururi ya bar sinadarin. Na biyu shi ne fulorayid, wanda daga jikin dutsen kansa yake narkewa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma in ya zarce miligiram 1.5 a lita yakan rina haƙoran yara, kamar yadda aka daɗe da sani a yankunan Langtang da Kaltungo, in ya yi yawa ƙwarai kuma ya taɓa ƙashi.

Wanda yake ganin wannan tatsuniyar masu ɗakin gwaji ce, ya tambayi mutanen Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A tsakiyar shekarun 1980 aka soma ba su ruwa daga wata rijiya mai zurfi, garai-garai, aka yi murna. Ashe fulorayid ɗin da ke cikinsa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau uku ko fiye. Aka yi shekaru fiye da goma ana sha kafin abin ya fito fili, a lokacin kuwa ɗaruruwan yara sun riga sun taso da karkatattun ƙafafu da ƙasusuwan da ba za su miƙe ba. Rijiyar Tibiri ta hukuma ce, mai injiniyoyi da ofis da fayil. In haka ta faru a inda akwai waɗanda aka ɗora wa alhaki, me zai hana ta faru a rijiyar da babu wanda ya taɓa kai ruwanta ko ƙofar ɗakin awo?

Wani zai ce ai laifin rashin doka ne. Doka tana nan. Tun 2007 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta fitar da Ma'aunin Ingancin Ruwan Sha na Nijeriya, mai lamba 554, aka sake masa kwaskwarima a 2015. Ya ce kada a sami Ikolai ko guda a cikin mililita 100 na ruwa. Ya sa iyakar naitiret a miligiram 50, ta fulorayid a 1.5, ta dalma a 0.01. Bai tsaya ga hukumomin ruwa na jihohi ba, ya haɗa da masu sayar da ruwa, da motocin tanki, da rijiyoyin da ke hannun 'yan kasuwa, ya kuma ɗora aikin sa ido a wuyan ma'aikatun lafiya. Ashe ba ma'auni muka rasa ba, mai ɗaukar ma'aunin ya fita da shi unguwa muka rasa. Abin mamaki ma shi ne, wanda ya ƙulla ruwa a leda dole ya nemi lambar NAFDAC ya buga a jiki, amma maƙwabcinsa da yake sayar da ninkin ba ninkin wannan ruwa a jarka, daga ƙasa guda, babu abin da aka nema a gare shi.

A nan akwai abin koyi a wata doka da Amurka ta yi a 1974. Dokar ba ta tambaya ko rijiya ta gwamnati ce ko ta ɗan kasuwa. Abin da take tambaya shi ne, mutum nawa ne suke sha? In rijiya tana shayar da aƙalla mutum 25 na tsawon kwana 60 a shekara, ko an ja bututunta zuwa gida 15, to ta zama ruwan jama'a, ko da ta mai gidajen haya ce ko ta makaranta ko ta gidan abinci, dole a riƙa auna ta. Rijiyar da mutum ya haƙa don iyalinsa kaɗai kuwa an bar masa abinsa. A 1996 aka ƙara cewa duk mai shayar da mazauna wuri lalle ne ya ba su rahoto kowace shekara: daga ina ruwan yake, me aka samu a cikinsa, ina aka saɓa ƙa'ida. Ba mu ce a kwaso dokokin Amurka a jibge mana ba, domin aljihunmu ba ɗaya ba ne. Hikimar da ke ciki muke so: yawan masu sha shi ke sa wajibi, kuma mai sha yana da haƙƙin ya sani.

To ga abin da muke nema, ba kuwa abu ne da ya fi ƙarfin kowa ba. Na farko, kowace ƙaramar hukuma ta rubuta sunayen rijiyoyin da ake sayar da ruwansu ko ake shayar da gidajen haya da makarantu da masallatai. Na biyu, a auna ƙwayoyin cuta aƙalla sau biyu a shekara, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a tsakiyar damina, a auna sinadarai kuma ranar da aka gama haƙa rijiya, sa'an nan a riƙa maimaitawa. Na uku, duba-gari ne zai ɗebi ruwan da hannunsa, a kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta, a sa ta cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin awo cikin sa'o'i shida. Ya kuma duba daɓe da murfin tanki da nisan sokawe. Na huɗu, a rubuta sakamakon da Hausa, da boko da ajami, da kwanan wata da sunan ɗakin awo, a liƙa a jikin tanki. Na biyar, rijiyar da ta faɗi awo kada a garzaya a rufe ta a bar mutane da ƙishirwa. A nuna wa mai ita yadda zai gyara, yadda zai wanke tanki, da ma'aunin kulorin da zai riƙa zubawa, a sanar da masu sha su tafasa, a dawo a sake aunawa. Wanda ya ƙi gyara bayan gargaɗi, shi ne ya cancanci kwaɗo.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Za a ce kuɗin awo a kan talaka zai ƙare. Mu koma ga lissafinmu na ɗazu: jarka 240 a yini ita ce jarka 87,600 a shekara. Ko naira ɗaya tak aka ɗora a kan kowace jarka, an tara fiye da naira 87,000. Sai mai rijiya ya je ya tambayi kuɗin awo ya gwada da wannan, mai sha kuma ya gwada naira ɗaya da kuɗin ƙarin ruwa da allurai na mako guda a gadon asibiti, ko da jarrabawar da ta wuce ɗalibi yana kwance. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hasali ma mai rijiyar da takardarsa ta fito fes shi ya ci riba, domin 'yan ga-ruwa da masu shayi wurinsa za su koma.

Za a ce mutanenmu da yawa ba su karatu, takarda me za ta yi musu? Bangaladash ta amsa wannan. Daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin ƙananan rijiyoyi a ƙasar don a raba mutane da ruwan kududdufi, sai a 1993 aka tabbatar da gubar arsanik a cikin da yawa daga cikinsu. Da aka bi aka auna, sai aka riƙa shafa wa bakin famfo fenti, kore ga mai lafiya, ja ga mai guba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san bambancin kore da ja.

Za a ce kuma, wannan ita ce magana mai nauyi, mun buɗe wa ma'aikata sabuwar ƙofar cin hanci, takarda za ta zama abin saye kamar sauran takardu. Wannan tsoro yana da tushe, ba a ƙasarmu kaɗai ba. A watan Mayu na 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a Kanada, ruwan sama ya wanke kashin shanu daga wata gona ya kai shi cikin ɗaya daga rijiyoyin garin. Mutum bakwai suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta, a garin da bai kai mutum 5,000 ba. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Dennis O'Connor ya shugabanta ya gano cewa masu kula da ruwan sun yi shekaru suna cika littafi da alƙaluman kulorin da ba su auna ba. Takardar ƙarya ta fi rashin takarda sharri, domin tana sa mutum ya saki jiki. Maganinta shi ne a sami ido na biyu wanda ba ya cin albashin mai rijiya, ba ya kuma jin tsoron shugaban ofis. Wannan ido kuwa mu ne.

Ya 'yan'uwa ɗalibai, kowace shekara a sassan nazarin ƙananan halittu da kimiyyar sinadarai da ilmin ƙasa na jami'o'inmu, ɗaliban ajin ƙarshe suna ɗebo ruwan rijiyoyin unguwanni, su auna, su rubuta kundi, a ba su maki, a ɗaure kundin da baƙin bango a ajiye a kanta ƙura ta rufe shi. Mai rijiyar bai ji sakamako ba, masu sha ba su ji ba. Wannan ilmi ne da aka ɗebo daga talakawa ba a mayar musu da ko guga ɗaya ba. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta kafa kwamiti, ta nemi haɗin kan malaman waɗannan sassa, a lissafa rijiyoyin da ɗalibai suke sha a wajen makaranta, a auna su da rani da damina. A fara kai wa mai rijiya sakamako cikin mutunci, a ba shi lokacin gyara, a sake aunawa, sa'an nan a kafa a allon sanarwa don mai neman haya ya duba kafin ya biya kuɗin shekara.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu shiga ofis, a ma'aikatar lafiya da ta ruwa da ta tsara birane da ƙananan hukumomi, iyayenmu suna ba da labarin zamanin da duba-gari yake shiga gida ya leƙa randa, in ya ga ƙwarin sauro mai gida ya kwana da shirin zuwa gaban alƙali. Ba muna kewar bulalar wancan zamani ba ne, amma muna kewar ma'aikacin da yake fita. Mai sa hannu a taswirar gini ya tambayi inda rijiya za ta zauna da inda sokawe zai zauna kafin ya buga hatimi. Mai ba da kwangilar rijiyar mazaɓa ya ƙi biyan kuɗin ƙarshe sai an kawo takardar awo. Masu hannu da shuni da suke haƙa rijiyoyi don neman lada, suna koyi da Sayyidina Usmanu ɗan Affan da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, su ma a tuna musu cewa sadakar ruwa ba ta cika sai ruwan ya zama mai lafiya, kuma kuɗin awo ɗan kaɗan ne a kan kuɗin allon da ake rubuta sunan mai bayarwa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowannenmu zai iya yi gobe da safe. Mu tafasa na sha, mu rufe randa, mu keɓe mata moɗa mai mariƙi. Mu tambayi ɗan ga-ruwa rijiyar da yake ɗebowa, mu taka mu je, mu gai da mai ita da ladabi, mu ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ina takardar awon ruwan nan?" Mai tambaya na farko dariya za a yi masa, na biyu a ce ya cika iyayi. Amma ranar da mutum na ashirin ya yi wannan tambaya, Alhaji da kansa zai aika a nemo masa hanyar ɗakin awo.